Agogon da Ake Ganin Cikinsa, a Ranar Katsina

Daga Kano zuwa Katsina kilomita 170 ne ko kusa da haka, kuma duk wanda ya saba bin hanyar ya haddace garuruwanta: Dawanau, Bichi, Tsanyawa, Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, Charanci, kafin ka ankara sai ga Ƙofar Ƙaura. Lokacin hunturu ne, hazo ya sauko har ƙasa, gonaki duk an girbe sai kara a ɗaure. Direbanmu bai kashe fitilar mota ba sai da muka wuce Bichi. Ɗaurin aure ne ya kai ni, na 'yar autar wani aminin mahaifina, dattijon da tun ina yaro nake ce wa Baba. A gidansa na sauka, can cikin gari, ba nisa da Ƙofar Soro.

Baba ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Jidda da Dubai, kuma wanda ya san shi ya san bayan iyali abu biyu ke cin kuɗinsa: doki da agogo. Ni ma ina da ciwon na biyun, sai dai aljihu bai kai ba, a karatu da kallo na tsaya. Ya san da haka. Shi ya sa da aka kira la'asar, ya kwance na hannunsa zai yi alwala, bai ajiye a kan darduma ba, ni ya miƙo wa. Ya ce, "Riƙe mani nan, ɗana, kai da ka san darajarshi."

Cartier ne, samfurin Santos, irin na ƙwarangwal. Ba shi da fuska ko kaɗan. Inda ka saba ganin faranti fari ko baƙi da lambobi, nan gilashi ne a sama, gilashi a ƙasa, inji a tsakiya ba rufi, har kana hango tafin hannunka ta cikin ramukan. Asalin Santos tsoho ne. A 1904 Louis Cartier ya yi shi domin abokinsa Alberto Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Burazil, wanda ya koka cewa in yana sama ba ya iya sakin tuƙi ya laluba aljihu neman agogo. Wato tun farko an yi shi ne domin a san lokaci da kallo ɗaya. Sai a 2009 kamfanin ya fito da na ƙwarangwal, kuma dabarar da suka yi ta burge ni tun ina ganinta a hoto. Gadojin ƙarfen da ke riƙe da giyoyin injin su aka yanka suka zama lambobin Rumawa, XII a sama, III a dama, VI a ƙasa, IX a hagu. Ƙarfe ɗaya yana aiki biyu, ga riƙon inji, ga nuna awa.

Kowane agogo mai wani, wato wanda ake murɗawa a ba shi ƙarfi, yana da farantin ƙasa da gadoji a kansa, a tsakani kuma giyoyi, da sifirin da ke adana ƙarfi, da balas mai kai da komowa. Mai aikin ƙwarangwal yana bi ne ya cire duk ƙarfen da ba ya ɗauke da komai, ya bar iya abin da zai hana injin lanƙwasa. In ya rage da yawa aikin bai fito ba. In ya ci da yawa gada ta yi rauni, giya ta goce daga mazauninta, agogo ya fara ƙarya. Ana danganta farkon wannan aiki ga André-Charles Caron, wani maƙerin agogo a birnin Paris, wajen 1760. A da zarto siriri da magagari ake sa wa tun daga farko har ƙarshe, yanzu inji mai kwamfuta ke yankan farko, hannu ya ƙarasa.

Da muka dawo daga masallaci Baba ya ce in ɗaura. Na ɗaura, na miƙe hannu yadda mutum ke yi in an tambaye shi lokaci. Ya ce, "To, ƙarfe nawa?"

Lambobin nan huɗu sun fito raɗau, farin ƙarfe a kan fatata. Hannayen agogon ne suka ɓace. Hannayen Santos na ƙarfe ne da aka gasa a wuta har ya kai digiri 290 zuwa 300, inda yake rikiɗewa ya zama shuɗi mai duhu, kuma a zauren da haske bai wadata ba shuɗin nan baƙi ne. Inda dogon hannun ya ratsa ta kan farar gada ina ganin guntunsa, inda ya faɗa kan rami ya saje da fatata. Sai da na kawo shi kusa da ido, na harhaɗa guntayen, sannan na ce biyar saura kwata.

Baba ya yi dariya, ya jawo katin gayyatar auren daga aljihu, fari fat, ya ce in sassauta igiyar. Ya zura katin tsakanin agogon da wuyan hannuna. Nan take hannaye biyun suka fito sarai, har da tsinin bakinsu, daga inda yake zaune ma yana iya karantawa. Ya zare katin, suka sake nutsewa. Ya ce a shagon da ya saya a kan farin matashi aka ɗora shi, ƙarƙashin fararen fitilu, kuma sai da ya iso gida ya gane abin da ya sayo.

Wannan ɗan wasan katin ya fi mini duk hotunan da na taɓa kallo amfani. Ido ba ya karanta hannun agogo shi kaɗai, bambancinsa da abin da ke bayansa yake karantawa. A agogo mai fuska kamfani ne ya zaɓa maka bayan: farin hannu kan baƙar fuska, ko baƙi kan fara. A agogon da aka huda gaba da baya, fatarka ce fuskar. Masu zana shi a Suwizalan da Faransa a kan farar takarda suke zane, tallarsa ma a farin bango ake ɗauka, don haka shuɗin hannu ya yi musu daidai. A wuyan hannun Bahaushe lissafin juyewa yake. Gadojin farin ƙarfe sun fi fitowa a kanmu, har zan ce agogon ya fi kyau a hannun Baba fiye da yadda yake a talla, amma hannu mai duhu asara ne. Wanda ke da kuɗin sayen irin wannan a cikinmu, mai hannun zinare ko farin ƙarfe ya dace da shi.

Washegari Baba ya ɗaura wani na zinare mai fuska domin taro, ya ce in riƙe Santos ɗin har dare in ba shi labari. Na yi godiya, amma yinin nan hannuna na hagu bai san daɗi ba. Duk inda aka yi cunkoso sai in ɗaga shi in rungume a ƙirji, ga mutane na ta miƙo hannu a gaisa. An ɗaura aure da hantsi, aka shafa fatiha, maroƙa suka cika unguwa da "ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba", aka raba goro da dabino da alawa. Da jama'a suka watse zuwa wajen walima na sulale, na bi ta Filin Kangiwa, na nufi Gobarau.

Hasumiyar Gobarau ginin ƙasa ce, tsawonta wajen mita 15, kuma tarihin gari yana kai ta zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15. Na hau matakalan a hankali, hannu ɗaya a bango. Daga sama hazo bai bar ni na ga nesa ba, sai rufin kwano da bishiyoyin darbejiya da minarorin masallatai. Ladanan da suka riƙa hawa nan da inuwa suke aiki: rana ta gota tsakiya azahar ta shiga, inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali la'asar ta shiga. Ni kuwa na tsaya da agogon da ya fi kuɗin gidana, ina juya wuyan hannu ina neman inda haske zai bar ni in gani.

A rana matsalar daban ce da ta zaure. Masu irin wannan agogo ba sa barin gefen ƙarfe da kaifinsa. Kowace gada ana fere bakinta a karkace, kusan digiri 45, a goge ferar har ta zama madubi, saman gadar kuma a bar shi da sirara-siraran layuka marasa ƙyalli domin bambancin ya fito. A nan mafi yawan wahalar aikin take, a nan kuma kuɗin yake. A cikin ɗaki ferar nan ita ke sa agogon ya yi rai in ka motsa hannu. A tsakar ranar Katsina kuwa kowace fera tana harbo nata hasken, sai ka ga layuka masu walƙiya birjik, wasu a tsaye wasu a kwance, dogon hannu kuma layi ɗaya ne a cikinsu. Ƙara da gilashi biyu, na sama yana mayar da hasken sama, na ƙasa yana mayar da nasa. Ana shafa wa gilashin irin wannan agogo wani siririn sinadari mai rage ƙyalli, yana taimakawa, amma bai fi ƙarfin ranar sha biyu ba.

Sai dai a nan shuɗin hannun ya rama. In na karkata wuyan hannu kaɗan zuwa jikina, haske ya sauka a kansa daidai, sai ya ɗau launi ya yi shuɗi shar, launin da babu irinsa a duk cikin injin, ido ya cafke shi nan da nan. Wato a rana yana karantuwa, amma sai ka koyi kusurwarsa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne mintuna. Lamba huɗu kawai gare shi, ba ɗigon minti, don haka tsakanin sha biyu da minti ashirin da sha biyu da ashirin da uku sai dai ka yi kirdado. Na yaba musu da abu guda: ba su sa masa tsinken sakan ba. Da sun ƙara hannu na uku siriri a cikin wannan hayaniyar, da an rasa na kamawa.

Da yamma wani ɗan Baba ya ɗauke ni zuwa filin folo, ana atisaye. Katsina da wannan wasa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko ne, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kan doki har wajen ƙasar nan. Mai son agogo ba zai tsaya a bakin filin folo bai tuna da Reverso ba, wanda kamfanin Jaeger-LeCoultre ya fitar a 1931 saboda hafsoshin Ingila masu buga wasan a Indiya. Shi ana tura shi gefe ne a kife fuskarsa, bayan ƙarfe ya dubi waje, kada sanda ko ƙwallo su fasa gilashi. Na ɓoye Santos a cikin hannun riga, don ƙurar da dawakin ke tayarwa kaɗai ta isa.

A rumfar 'yan kallo na zauna kusa da wani matashi, abokin ɗan Baba, da Royal Oak na Audemars Piguet a hannunsa, shi ma buɗaɗɗe. Siffar ba ta ɓuya: kusurwa takwas, sukuru takwas a baki, zanen Gérald Genta na 1972. Nasa shi ne mai balas biyu a kan sanda ɗaya wanda aka fitar a 2016. Na ce, "Yallaɓai, a ba ni izini in kalla?" Ya miƙo hannun ba tare da ya kwance ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Wannan ya fi Santos cunkoso nesa ba kusa ba, da ƙyar ka ga rami mai faɗi, ga balas ɗin nan biyu wajen ƙarfe takwas suna bugu sau 21,600 a awa, shida ke nan a sakan. Amma daga inda nake zaune na karanta biyar da rabi ba tare da na sunkuya ba. Sun rina dukkan injin ya zama toka-toka mai duhu, ya koma baya ya yi shiru. Hannayen kuma jan zinare ne, masu kauri, da farin layi a tsakiyarsu. Sannan suka bar zobe a kewaye, suka dasa sandunan awa a kai, su ma na zinare. Ido ya sami launi biyu kawai: mai duhu na kallo, mai haske na karatu. Sun ɗan yi ha'inci dai, domin gadar da ke riƙe da balas ɗin ita ma zinare ce, kuma in gajeren hannu ya iso wajen ƙarfe takwas sai su haɗu su rikita mutum na ɗan lokaci. Duk da haka, in don sanin lokaci ne wannan ya fi. In don wayon zane ne, har yanzu ina wajen Cartier.

Da daddare muna zaure ina ba Baba labari aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta ya sake tambayata ƙarfe nawa, da gangan. Santos ba shi da abin cewa a duhu, gasasshen ƙarfe ba ya haske. Maigadi ne daga bakin ƙofa ya danna Casio ɗinsa ya ce tara da minti goma, aka yi ta dariya. Fentin da ke haske a duhu, wanda a da ake yi da radiyom mai cutarwa, daga baya da tiritiyom, kafin kamfanin Nemoto na Japan ya fito da marar lahani a 1993, yana buƙatar wurin zama. Sai hannu ya yi faɗi zai ɗauke shi, hannu mai faɗi kuma yana rufe injin da aka biya kuɗi domin a gani. Wasu kamfanonin maimakon haka sai su huda hannayen su ma, su bar zanen gefe kawai. Wannan a wurina shi ne mafi muni, domin an kai inda mai agogon zai zaro waya ya duba lokaci.

Kafin in bar gari na shiga babbar kasuwa neman kilishi da tsarabar yara, sai na ci karo da teburin wani tsoho mai gyaran agogo. Akwatin gilashi ne a gabansa, cike da Seiko 5 da Orient da Rado na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba, ga gwangwanin da yake tara ƙananan sukurori, ga madubin ido ɗaure da roba a goshinsa. A jikin allon gefe ya rataye sababbi 'yan China, rabinsu na ƙwarangwal, masu ruwan zinare, waɗanda samari ke saye domin Sallah. Na gaishe shi, na zauna a bencinsa, na nuna masa hoton na Baba a waya.

Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsu biyu. Sannan ya ciro ɗaya daga cikin na allon, ya ba ni madubinsa ya ce in duba lungun gada. A ɗan Chinan lungun a zagaye yake, gefen da kaushi, har da 'yar ɓarɓashin ƙarfe, domin bugawa aka yi da inji a fitar da dubbai. Furannin da ke jiki ma ba sassaƙa ba ce, dannawa aka yi. Ya ce a mai tsada lungu ake dubawa: inda fera biyu suka haɗu a ciki suka yi tsini, bakin inji mai juyawa ba ya shiga can, sai magagari a hannun mutum. Ban gaya masa ba, amma abin da masana a Turai ke dubawa ke nan.

Na tambaye shi me ya sa na allon ba sa karantuwa ko kaɗan. Ya ce, "Malam, inji ruwan zinare, hannu ruwan zinare, lamba ruwan zinare, mi za ka gani? Farin zare ne kan farar shadda. Aikin yana nan, aska takwas ce cikakka, amma sai wanda ya zo gaisawa da kai zai san da ita."

Abin da ya fi damunsa ƙura ce. Ya ce agogo mai fuska in ƙura ta shiga, fuska ta rufa asiri har ranar da ya tsaya. Na ƙwarangwal ƙwaya ɗaya ta sauka a kan yaƙutun da giya ke juyawa a ciki, mai shi zai gan ta kullum, ga man da ya bushe ya yi baƙi, ga sawun yatsan wanda ya taɓa buɗewa. A hunturu ya ce ba ya son buɗe irinsu sai da sassafe kafin kasuwa ta ci, kuma na manyan mutane ba ya karɓa ko an kawo, yana ce musu su mayar inda suka saya.

Muna cikin haka wani saurayi mai tuƙa Keke Napep ya tsaya, ya kwance nasa, irin na allon ne sak. Ya ce, "Baba, wannan abu ya ishe ni. Fasinja ya tambaye ni lokaci sai na tsaya gefen titi." Tsohon bai ce komai ba. Ya ɓalle gilashin, ya sa hantsaki ya ɗage hannayen biyu ya kwantar a kan takarda. Ya jawo wata 'yar kwalbar farin fenti, ya fere tsinken ashana, ya ɗiga, ya ja layi ɗaya a kan dogon tun daga gindi har baki, gajeren kuma ya shafe rabinsa na gaba kawai domin a bambance su. Ya bar su a rana muka ci gaba da hira, saurayin ya je ya sauke wata mata a Ƙofar Guga ya dawo. Da fentin ya bushe ya mayar da hannayen a kan sha biyu daidai, ya hure ƙura da 'yar robarsa, ya danne gilashi, ya saita da agogon bangon shagon maƙwabcinsa.

Saurayin ya ɗaura, ya miƙe hannu kamar yana riƙe da kan keken, ya kalla sau ɗaya ya ce sha ɗaya saura biyar. Ya tambayi kuɗi. Tsohon ya ce naira 500, kuma kada ya wanke keke da shi a hannu, don ruwa na shiga ta wajen da ake yi masa wani.